Tulun Kore-yunwa

Lahadi, bayan sujada

Jiya an yi ruwa na kirki, irin mai shiga ƙasa, ba yayyafin yaudara na makon jiya ba. Muna fitowa daga coci matan zumunta suka tare ni a gindin mangwaro da tambaya ɗaya, yaushe za a fasa tulu. Na ce Asabar, in Ubangiji ya kai mu. Mama Talatu, shugabarmu, wadda ta girme mu duka, ta ce da a hannunta tulun yake da tuni acca tana ƙasa. Na ce da a hannunta yake da tuni ta yafa shi a kan ruwan farko rana ta ƙone shi. Ta kai mini duka da littafin waƙa.

Bari in rubuta wannan saboda 'yata Jemimah, ko wata rana in ta dawo daga makarantar kwana ta ga dama ta karanta, tunda in na buɗe baki sai ta ce na fara tarihi. Irin acca ne na uwata, kore-yunwa take kiransa, don yana nuna tun sauran hatsi bai fid da kai ba, daidai lokacin da rumbu ya koma wayam. Ranar da aka kawo ni gidan Istifanus ta ƙulla mini shi a bakin zane. Yanzu a garinmu kowa ya koma citta da masara. Na yi cigiya har na gaji, ba wanda ya rage da shi. Shekara da shekaru ni da matan zumunta muke yafa shi a gonar da wani dattijon Gbagyi ya ba mu aro bayan Gonin Gora. In an girbe, iri ake fara cirewa kafin kowace mace ta taɓa rabonta. A cuɗa shi da toka, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. Ba a fasa lakar sai ranar shuka, a gona, kuma namiji ba ya sa hannu. Haka na tarar, haka nake yi. Tulun yana bayan labule a ɗakina.

Da yamma Istifanus ya shigo da rabin buhu a ka, yana haki yana washe baki kamar shi ya ci zaɓen. Wai kansila ne ya raba, irin masara na zamani, romon dimokuraɗiyya, shekara guda da tafiyar soja. Ja wur take, an baɗe ta da magani, ga hoton ƙoƙon kan mutum a jikin buhun. Na tambaye shi ko baɗi za a iya cire iri daga cikinta. Ya ce a'a, sabo ake saye kowace shekara, ai haka ci gaba yake. Na ce ci gaban mai haƙan rijiya ba. Na ɗora buhun can saman katangar kicin inda kaji da yara ba za su kai ba.

Litinin, da hantsi

Na kai niƙa wurin Malam Tanimu mai inji. Yau bai tsokane ni ba, shi da kullum sai ya ce ga Maman Jemi mai tuwon da ke sa leburorin Kudenda barci a bakin aiki. Ya niƙa, ya miƙo, ya ce in ina da sauran abin niƙa in kawo yau ɗin nan. Na tambaye shi ko tafiya zai yi. Ya ce a'a, inji ne ba a san ranar lalacewarsa ba. Na ga an ɗaure katifu a ƙofar gidansa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Litinin, da yamma

An fara rikicin kuma.

Talata, da safe

Tukunyar tuwona tana can bakin kamfani da miyarta da komai. Ina cikin zuba wa wani sai na ga masu gadi suna jan ƙofa, mutane suna gudu ba wanda ke cewa me. Da takalmi ɗaya na iso unguwarmu Trikania. Istifanus ya biyo ta bayan layin dogo, ya iso bayana, wandonsa duk ƙaya.

Abin da yake mahaɗar titi ban gan shi ba. Haka na gaya wa Istifanus.

Hayaƙi ta gefen gada, hayaƙi ta gefen kasuwa. An sa dokar hana fita. Rediyo ta ce an shawo kan lamarin, kowa ya kwantar da hankalinsa. Wancan karon ma haka ta ce.

Laraba, da rana

Gidan hayarmu ya cika. Duk wanda yake da ɗan coci ko ɗan gari a wannan tsallaken kogi ya tsallako, wasu da ƙunshi, wasu da rigar jikinsu kawai. An shimfiɗa tabarmi har ƙofar banɗaki. Mai gidan ya kulle sashensa ya tafi ƙauye, ya bar mana akuyarsa.

A ɗakina na sa wata 'yar Binuwai, Celina, da ɗanta Matthew, wanda bai daɗe da fara magana ba. Mijinta George direban tanka ne, sun taɓa aiki tare da Istifanus. Ta ce ya ce mata ta yi gaba da yaro, zai kulle gida ya biyo ta. Hausarta a karye take, tana haɗawa da Turancin kasuwa, amma muna fahimtar juna. Ta ajiye masa tuwonsa a kwano ta rufe.

Injin Malam Tanimu shiru. Gidan a buɗe, ba kowa. Ban leƙa ba.

Alhamis, da yamma

Na auna abin da ke kicin da ido: garin masarar da aka niƙa Litinin, ɗan wake, garin rogo, busasshiyar kuɓewa. Da mu biyu ne da ya kai mu wata. Da wannan taron, Allah kaɗai ya sani. Na karɓi ludayi da kaina, don na ga wasu in suna rabo hannunsu ya san 'ya'yansu.

An saki doka na ɗan lokaci da rana, na leƙa kasuwa. Tebura a kife. Ban taɓa lura ba sai yau: duk abin da garin nan ke ci a kan mata yake shigowa. Masu daro daga Gonin Gora da Kakau tun da asuba, masu alayyafo daga bakin kogi, masu rogo daga bayan katangar kamfanoni. An tare hanya kwana kaɗan, ga babban birni mai masaƙu da matatar mai ba ko tumatir. Da yamma wani babba ya yi jawabi a rediyo cewa gwamnatin farar hula za ta wadata ƙasa da abinci. Na ce wa Istifanus ya miƙo rediyon in juye a tukunya. Bai yi dariya ba.

George bai iso ba.

Asabar, da la'asar



Mama Talatu ta zo da sassafe ta ce ruwa ba zai jira rikici ba, kuma acca a ƙasa ta fi acca a ɗaki kwanciyar hankali. Gaskiyarta. Muka aro baro, muka naɗe tulun da tsummoki, muka turo shi ta tsakar gida kowa yana kallo. Wata ta tambaya mene ne, Mama Talatu ta ce iri ne, ba ta ƙara ba.

Ba mu kai ko'ina ba. Kafin a hau titin Abuja soja sun gindaya ganguna. Wani yaro a cikinsu, bai fi Jemimah da yawa ba, idonsa ja don rashin barci, ya ce mu sauke. Ya zagaya tulun, ya ƙwanƙwasa da bakin bindiga, ya tambayi me ya sa aka liƙe shi. Ya ce jiya sun kama fetur a cikin tukunyar miya. Ya ɗaga gindin bindigar zai sauke a kai. Ban san lokacin da na kwanta a kan tulun ba. Mama Talatu, da ciwon gwiwarta, ta durƙusa a kwalta.

"Ɗana, iri ne. Acca ce. In ka fasa a nan, tsuntsaye kaɗai za su gode maka."

Ya tsaya yana kallonmu. Sannan ya ce in tashi, ya jijjiga tulun ya kara kunne. Ya ce mu koma inda muka fito, ba mai wucewa, ko mu ba mu ga abin da ke gefen hanya ba ne. Mun gani. Muka juyo da baro.

Yanzu tulun ya koma bayan labule, amma duk gidan nan an san akwai hatsi a ɗakina. Da mun sani da ba mu fito da shi da rana ba.

Lahadi

Ba a je coci ba. An yi addu'a a tsakar gida. Ana cikin addu'a na buɗe ido na ga mutum uku suna kallon ƙofar ɗakina.

Talata, da rana, mako na biyu

Aka ce a je makarantar firamare, an kawo shinkafar agaji. Muka je, rana ta gasa mu a layi. Da aka zo kanmu sai aka ce magidanta kawai ake ba wa, kowane mutum ya karɓar wa iyalinsa. Mu da muke dafawa, mu da muka san cikin kowane yaro, aka ce mu koma gefe. Istifanus ya samo abin da bai cika kwanon sha ba. Celina ta matsa gaba, mai rabon ya tambaye ta ina mijinta. Ta ce yana zuwa. Ya ce to in ya zo ya karɓa.

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na zazzaga wa mutumin abin da ban san ina da shi a baki ba, har Istifanus ya ja ni. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Garin masara ya ƙare yau. An koma sau ɗaya a rana, yara tukuna.

Laraba, da safe

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina kwance ina jin ƙanshin ƙasa, ina lissafin gonar can ta jiƙe ba kowa a kanta. In aka ƙara mako biyu haka, ko an yafa ba za ta yi abin kirki ba.

Laraba, da yamma

Istifanus ya rufe ƙofa ya zauna a bakin gado. Tun da muka yi aure bai taɓa kallon tulun nan sau biyu ba, yau ya kasa ɗauke ido. Ya fara da nisa, wai maza sun yi magana, wai mutane suna cewa matar Istifanus tana kwana da hatsi yara suna kwana da yunwa.

"Maman Jemi, ba zan taɓa ba, kin san ba zan taɓa ba. Amma ki duba yaran nan. Iri ai ana sayensa."

"Wannan ba a sayensa, Baban Jemi. In ya ƙare ya ƙare. Sai mu koma layi kowace shekara muna jiran kansila."

Ya ce rai ya fi iri. Na ce irin nan rai ne, na baɗi da na baɗin waccan, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, na matan zumunta ne. Na ce a ƙara haƙuri kwana kaɗan, za a buɗe hanya. Ya tambaye ni wa ya gaya mini. Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Na aika wa Mama Talatu, ta aiko cewa in riƙe. Ta ce ta ga yunwar da ta fi wannan tana yarinya, an ci ganye, an ci dusa, ba a ci iri ba. Ita tana gidanta da jikoki biyu. Ni ce nake kwana da idanun mutane a bayana.

Alhamis

Tafasasshen zogale da ɗan gishiri. Akuyar mai gida ma an fara kallonta, amma wa zai biya?

Juma'a, da hantsi

Celina ta same ni a kicin. Ta daɗe tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara kafin ta ce, "Mama Jemi, abeg. Matthew ba ya cin ganye, yana amai. Ko kaɗan, in yi masa kunu." Na ce mata in na fasa lakar don mutum ɗaya, na fasa don kowa. Na ba ta ragowar garin rogon da na ɓoye wa Istifanus, bai fi tafin hannu ba. Ta yi godiya har ƙasa, abin da ya fi zagi ciwo.

Ina jin haushin kowa. Haushin Celina da ta roƙe ni, haushin George da bai iso ba, haushin uwata da ta ƙulla mini wannan kaya ta tafi ta huta.

Asabar

Shiru. An ce an ji harbi ta Kakuri. An ce ba harbi ba ne.

Lahadi, da la'asar

Ubangiji, ka ji ƙanmu.

Litinin, da safe

Zan rubuta yadda ya faru, ko zuciyata ta sauka.

Jiya da rana na zagaya bayan banɗaki zan zubar da ruwa, na ga kwatar ta yi ja-ja, ga kajina biyu a kwance ƙafafu a miƙe. Na ɗaga kai na duba saman katangar kicin. An kwance bakin buhun kansila.

Na shiga ɗaki a guje. Matthew yana kan tabarma, yawu na dalala, jikinsa yana karkarwa, idonsa ya ƙanƙance. Celina tana riƙe da shi tana kiran sunansa. Ga kwanon fate a gefe, an ci rabi.

Ta san akwai magani. Ta ga hoton. Ta ce ta wanke ta sake wankewa har ruwan ya fita fari tas, ta daka a ɓoye a turmin maƙwabta, ta dafa, ta fara ci da kanta ta jira, ba ta ji komai ba, sannan ta ba shi. "Na wanke, Mama Jemi. I wash am well well." Ta yi ta maimaitawa kamar ni ce alƙali.

Wata ta kawo manja za a ɗura masa. Istifanus ya ture ta, ya saɓa yaron a kafaɗa ya yi gidan Sista Dorcas, nas ɗin da ke bayan layinmu, lokacin doka ta kusa kamawa. Ta yi masa allura, ta rataya ƙarin ruwa a ƙusar bango. Ta ce Allah ya taimaka bai ci da yawa ba, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta tambaya me ya kai uwa ga wannan. Istifanus bai kalle ni ba, kuma gara da ya kalla.

Litinin, da yamma

Matthew ya buɗe ido. Sista Dorcas ta ce cikinsa ya ƙone, kada a ba shi komai mai nauyi, sai kunu mai laushi kaɗan-kaɗan. Ta ce in da za a samu acca.

Na dawo gida, na ja labule, na fito da tulun tsakar gida. Ban aika wa kowa ba. Na ɗauki taɓarya na buga lakar. Ba a gona ba, ba ranar shuka ba, maza suna tsaye suna kallo. Ƙanshin toka ya taso, na ji kamar uwata ce ta shigo gidan.

Mata suka zo da kansu. Aka tankaɗe tokar, aka kafa turmi a gefen rijiya, aka shiga surfe. Acca ba ta da sauƙi, mai ƙarfi ma sai ta huta sau uku kafin ta fita daga ƙaiƙayi. Aka bakace, aka rege. Ba waƙa, ba hira, sai ƙarar taɓarya. Da aka sauke tukunya yara suka yi layi ba wanda ya ce su yi.

Na ɗebi kwano guda na iri tun kafin a fara, na ƙulle a tsumma na kai wa Mama Talatu. Na ce ta ɓoye mini shi, ni ban yarda da kaina ba kuma. Ta karɓa, ba ta ce mini na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta tambayi jikin yaron.

Laraba

Kunun ya zauna masa. Na gwada ba shi na shinkafa, ya dawo da shi.

Juma'a, da yamma, mako na uku

An ce duk wanda nasa bai dawo ba ya je wani wuri ya duba. Istifanus ya ce Celina ta zauna da yaro, shi zai je. Ya tafi da safe da hankici a aljihu, ya dawo da yamma, ya wuce banɗaki ya daɗe yana wanka. Da ya fito ya ba ni agogon George da zoben makullansa, ya ce ni zan fi iya ba ta.

Na ba ta. Ta juya agogon, ta goge fuskarsa da zaninta, ta ɗaura a hannunta, ya yi mata yawa. Ta ce kunun Matthew ya huce, ta tashi ta ɗumama.

Lahadi

Tulun ya kai rabi. Ban san hatsi na gudu haka ba.

Laraba, da rana

Na kife tulun na buga gindinsa. Abin da ya fito toka ce.

Wasu sun fara samun mota suna tafiya garuruwansu ta hanyar Kachia, gidan ya ɗan rage. An fara ganin rogo da garin kwaki a bakin titi da tsadar wuta. Manya za su rayu. Matthew ne har yanzu ba abin da ke zama masa sai kunun acca. Ya rame har kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Na zaga unguwa neman acca ko ta sayarwa ce, babu, ai daga Filato da kudu take zuwa, hanya kuwa sai masu fita.

Ban je wurin Mama Talatu ba. Na rantse ba zan je ba.

Alhamis, da safe

Ita ta zo. Da sandarta, da ƙullin tsumman a hannu. Ta tsaya a kan yaron ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ajiye ƙullin a cinyar Celina. Na ce, "Mama, shi ke nan fa. Babu wani." Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce.

"Uwarki ta ba ki don a kori yunwa. To ga ta nan a kwance a tabarma. Tashi ki kafa turmi."

Ni na surfa da hannuna. Ina yi ina kuka, ba na ɓoyewa, hawaye da majina, taɓarya tana kuskure turmi hatsi yana fallatsa. Kowa ya ba ni wuri.

Asabar, da hantsi

An janye gangunan. An buɗe titin Abuja. Rediyo ta ce zaman lafiya ya dawo.

Kwana biyu kacal. Na zauna a kicin na yi dariya har Istifanus ya leƙo ya ga ko lafiya.

Litinin, da yamma, mako na biyar

Mun je gona, mu matan zumunta da muka rage a gari. Ciyawa ta kai gwiwa. Dattijon da ya ba mu aro ya fito ya yi mana barka da arziki, ya tambayi ina tulu. Mama Talatu ta ce bana masara za mu yi.

Masarar kansila muka shuka, abin da ya rage a buhun. Ba ta da laifi a ƙasa, an ce tana ba da amfani. Hannuwanmu duk suka yi ja, muka wanke da sabulu kafin mu taɓa ruwan sha. Wata ta tambaya to baɗi fa. Wata ta ce baɗi sai a ga wanda ya ci zaɓe. Suna ta ba ni ruwa suna cewa in huta, kamar mai takaba.

Matthew ya ci ɗan tuwo yau, ya zauna.

Me zan ƙulla wa Jemimah a bakin zane?

Laraba, da sassafe

An kwana ana ruwa. Celina ta ɗauki tsintsiya tun gari bai gama wayewa ba, haka take yi kullum yanzu, ba ta iya zama. Na fito ɗiban ruwa na same ta a gefen rijiya, inda aka kafa turmi, ta sunkuya. Ta ce ciyawa ta fito a nan, bari ta tuge kafin ta share.

Na riƙe hannunta. Ban ma san na riƙe da ƙarfi ba sai da ta ce wash.

Tsiron siriri ne, kore shar, kamar gashin jariri. Ya zagaye gurbin turmin, ya fi kauri a gefen da na tsaya ranar Alhamis. Duka-duka bai fi faɗin faifai biyu ba. Na durƙusa na tsuguna na leƙa, na sake leƙawa, don ciyawa ma haka take fitowa. Na aika a kira Mama Talatu. Ta zo ta sa tabarau, ta tsinke ɗaya ta duba saiwar, ƙwayar accar tana manne da ɓawonta. Ta miƙe da ƙyar, ta ce a ɗaure akuyar nan yanzu-yanzu.

Istifanus ya kawo karyayyun kujeru da tsohon gidan sauro, ya kafa shinge, yana yi yana tambaya ko nan ɗin ma namiji ba ya sa hannu. Na ce shinge dai ya halatta.

In ta tsira daga akuya da kaji da ƙafar yara da ruwan kwata, in mai gida bai dawo ya ce a share masa tsakar gida ba, in tsuntsaye sun bar mana, wataƙila a samu cikin tafin hannu. Wataƙila.

Laraba, da yamma

Yayan Celina ya aiko daga Gboko, an samu mota ranar Asabar, ta taho da yaro. Na fara haɗa mata kaya. Ta tambaye ni wata nawa abin nan yake yi kafin ya nuna. Na gaya mata. Ta kwance ƙunshin da na ɗaure, ta ɗauki kujera 'yar tsugunno da sanda ta je ta zauna a bakin shingen.

"Ɗana ne ya ci, Mama Jemi. Ni zan tsare wannan."

Na ce mata ba bashi ba ne, ba wanda ke binta komai. Ta ce ta ji. Ba ta tashi ba.

Na ga soja, na ga hayaƙi, na ga abin da ban gani ba a mahaɗar titi. Ban taɓa zaton akuya ce za ta hana ni barci ba.

Alhamis, da safe

Yana nan. Ya ɗan ƙara tsawo.